Tudu, Fadama da Burtali: Abubuwan Mamaki a Cikin Tsofaffin Taswirorin Ƙasarmu

Wanda ya tashi daga Ikara ya nufi Saulawa bayan girbi, idonsa zai gaya masa cewa ƙasar nan shimfiɗe take kamar faifai. Ga karan dawa a tsaye, ga tumatirin rani a fadama, ga bunaji suna kalar gona, babu wani dutsen kirki da zai tare maka gani. Amma akwai takardar da ta san ƙasar nan ta wata fuskar da ido bai sani ba, wato tsohuwar taswirar safiyo, irin wadda ke nuna tudu da kwari, rafi da rijiya, hanyar ƙafa da kufai. Da yawa daga cikin waɗannan takardu sun girmi masu noman gonakin da ke cikinsu a yau. Ga kaɗan daga abubuwan mamakin da ke tattare da su: waɗanda suka zana su, abin da suka gani, da abin da ya kuɓuce musu.

1. Maƙarfi da Ikara ba takardarsu ɗaya ba
Masu safiyo sun yanka Najeriya gida-gida kamar dara. Kowane gida rabin digiri ne a tsaye, rabin digiri a kwance, wato kimanin kilomita 55 kowane gefe, kuma kowanne da lambarsa da sunan babban garin da ke cikinsa. Takardar Zariya ita ce ta 102, ta kuma ɗauko Hunƙuyi da Kudan da Maƙarfi. Iyakarta ta gabas layin digiri 8 ne, Ikara kuwa tana bayan wannan layi, don haka ta faɗa takarda ta gaba. Mutumin Ikara da ya ci kasuwar Maƙarfi ya dawo gida da yamma ya ƙetare bakin takarda sau biyu a yini ɗaya. Kowane gida an sake raba shi huɗu domin a fito da shi dalla-dalla, a ma'aunin da santimita 2 a takarda ke daidai da kilomita ɗaya a ƙasa.

2. Kano ta zauna a mahaɗar takardu huɗu
Layin digiri 12 na arewa da layin digiri 8 da rabi na gabas sun gitta juna a cikin birnin Kano, a wajajen Dala da Goron Dutse. Tun da a kan irin waɗannan layuka ake yanka takardun, sai birnin ya zauna daidai inda kusurwoyi huɗu suka haɗu. Wannan layi na digiri 8 da rabi kuma shi ne ƙashin bayan awon tsakiyar Najeriya. Masu safiyo sun raba ƙasar shiyya uku, yamma da tsakiya da gabas, kowace da layinta na tsakiya. Na shiyyar tsakiya ya sauko daga Kano ya wuce ta gabas da Ikara, ba da nisa sosai ba.

3. Hadari ɗaya, ruwa biyu
Tsakanin Zariya da Kano akwai wani doron ƙasa da matafiyi ba ya jin ya hau shi, amma ruwa ya san da shi. Ƙoramun da ke gangarawa kudu suna neman Galma, Galma ta bi ta gefen Zariya ta faɗa Kogin Kaduna, Kaduna ta faɗa Kwara, Kwara ta kai Tekun Atlantika. Waɗanda ke gangarawa arewa kuwa suna neman Kogin Kano da Challawa, su haɗu su zama Kogin Haɗeja, su bi ta Komadugu Yobe su nufi Tafkin Chadi, wanda ba ya fita zuwa kowane teku. A wannan tsakanin ƙasar Ikara da Maƙarfi take. Hadari ɗaya zai zubar da ruwa a daren Agusta, rabinsa ya tafi teku, rabinsa ya tafi bakin Sahara. A kan taswira za ka ga shuɗayen layuka sun juya wa juna baya.

4. Layukan da ke ba faifai doro
Siraran layuka masu ruwan ƙasa da ke lanƙwashe-lanƙwashe a takardar su ne sirrinta. Kowane layi yana bin wuraren da tsayinsu daga teku yake ɗaya. A tsofaffin takardunmu, tsakanin layi da layi tazarar ƙafa 50 ce ta hawa. Inda suka matsu, gangara ce mai tsauri. Inda suka yi nesa da juna, fili ne. Inda suka yi tsini kamar bakin kibiya, nan rafi yake, kuma tsinin yana nuna inda ruwan ya fito. Ƙasar Zazzau ta arewa ta haura mita 600 sama da teku, shi ya sa sanyin hunturunta yake ratsa bargo. Mai karatun taswira yana zaune a ɗaki zai iya nuna maka inda ruwa zai kwanta da damina, da inda ciyawa za ta jima ɗanya har cikin rani.

5. Daga sama aka zana mu
A 1946 Ingila ta kafa hukuma ta musamman don zana taswirar ƙasashen da take mulka, ƙarƙashin Birgediya Martin Hotine. Jirgin sama ne ke bi a layi yana ɗaukar hoto, kowane hoto yana maimaita fiye da rabin na gabansa. Idan aka jera biyu aka duba ta wani madubi mai ido biyu, sai ƙasa ta taso, tudu ya yi doro, kwari ya yi zurfi, kamar kana shawagi a kansu. Daga nan ake fitar da layukan tsayi. Babban abokin gabar wannan aiki shi ne hazo da hayaƙin ƙunar daji, ga kuma gajimaren damina. Don haka kwanaki kaɗan ne a shekara suke dacewa da ɗaukar hoto. Abin da jirgi ya tarar a wannan safiya, shi ya zama gaskiyar takarda har shekaru masu yawa.

6. Hotunan suna nan da ransu
Wannan hukuma ta narke cikin hukumar safiyo ta Ingila a 1984, amma hotunanta ba su salwanta ba. Fiye da miliyan ɗaya suna ajiye a birnin Edinbura na ƙasar Sikotlan, cikinsu har da na arewacin Najeriya. A irin wannan hoto ana iya ƙirga itatuwan gona, a ga shingen gida, a ga inda kofato ya daka ƙasa ta yi fari a bakin mashaya. Abubuwa da dama da mai zane ya bari don kada takarda ta cushe, hoton ya riƙe su.

7. Turke ɗaya a Minna
Duk awon tsofaffin taswirorin Najeriya daga wuri ɗaya ya taso, wata alamar safiyo da ke kusa da Minna mai lamba L40. Daga can aka yi ta hangen tudu daga tudu, ana auna kusurwa, har aka game ƙasar. Wayar hannunka kuwa da wani lissafin daban take aiki, na tauraron ɗan'adam. A yankinmu bambancin lissafin biyu ya kai kimanin mita 80. Wanda ya karanta lambobin tsohuwar takarda ya zuba su a waya kai tsaye, zai tsaya nesa da turken da yake nema da kusan tsawon filin ƙwallo. Mita 80 ta isa ta mayar da burtali gona, ta mayar da gona burtali. Ƙwararren safiyo yana daidaita lissafin kafin ya buɗe baki.

8. Sarkin Musulmi ya zana kogi a ƙasa
A 1824 Baturen nan Hugh Clapperton ya isa Sakkwato yana cigiyar inda Kogin Kwara ya nufa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zana masa tafiyar kogin a kan ƙasa, daga baya kuma aka ba shi taswira a takarda da rubutun Larabci, mai nuna garuruwa da hanyoyi. An buga ta a Landan a 1826. A wannan shekarar ce kuma Clapperton ya sake dawowa, ya bi ta Zariya ya nufi Kano ta Bebeji. Ke nan tun kafin jirgin sama da madubin safiyo, masu ƙasar sun san fasalinta, kuma daga hannunsu baƙi suka fara karɓa.

9. Zango shi ne ma'auni
Heinrich Barth, Bajamushen da ya shiga Kano a 1851, da kamfas da agogo yake aiki: ya duba alƙibla, ya duba tsawon lokacin da tafiya ta ci, ya rubuta. Wuraren da ƙafarsa ba ta taka ba kuwa, fatake da alhazai ya riƙa zaunarwa yana tambaya: daga gari kaza zuwa gari kaza zango nawa ne, ina ake kwana, ina ake samun ruwa? Da waɗannan amsoshi aka cike manyan gurabe a taswirar da August Petermann ya zana masa. Garuruwa da yawa na ƙasar Hausa ta bakin madugai suka fara shiga takardun Turai.

10. Duwatsun da babu su
A 1798 wani mashahurin mai zanen taswira na Ingila, James Rennell, ya zana wani dogon jerin duwatsu da ya ratsa Afirka ta Yamma daga yamma zuwa gabas, aka kira su Duwatsun Kong. Masu zane suka yi ta kwafa daga juna kusan shekara 90. Sai da Bafaranshe Louis-Gustave Binger ya taka yankin da ƙafarsa tsakanin 1887 da 1889 ya tarar babu su, sannan aka fara goge su. Gani ya kori ji. Darasin yana nan har gobe: abu ya shiga takarda bai sa ya zama gaskiya ba, kuma rashinsa a takarda bai sa ya zama ƙarya ba.

11. Sunayen da suka sha wuya
Littafin Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya fito a 1550, kuma daga cikinsa Zazzau ta shiga taswirorin Turai da sunan Zegzeg, Kano ta zama Cano, Katsina ta zama Casena. Clapperton ya rubuta Sakkwato da Sackatoo. A takardun zamanin mulkin mallaka Dutsen Wai ya koma Duchin Wai, Dungurum kuma ya zama Zungeru har ya zauna a haka. Haruffan ƙ da ɗ da ɓ ba su samu shiga ba, shi ya sa Maƙarfi da Hunƙuyi suka rasa lanƙwasarsu. Mai neman ƙauyen kakansa a tsohuwar takarda sai ya riƙa karanta sunayen da ƙarfi, kunne zai gane abin da ido ya kasa.

12. Malaman taki da sarƙar ƙarfe
A farkon mulkin Turawa, a ƙasar Kano, da ƙafa ake auna gona domin yanka haraji. Masu wannan aiki su ake kira malaman taki: su taka tsawo, su taka faɗi, su rubuta. Masu safiyo na gwamnati kuwa sarƙar ƙarfe suke ja, mai tsawon ƙafa 66 da gaɓa 100. Sarƙa 80 ita ce mil ɗaya. Fili mai tsawon sarƙa 10 da faɗin sarƙa ɗaya shi ne eka ɗaya. Ekar da manomin rake a Maƙarfi yake faɗa yau idan zai ba da jingina, da wannan sarƙa aka riƙa auna girmanta. Makarantar koyon safiyo ta farko a Najeriya an buɗe ta a Legas a 1908, ita ce yanzu take garin Oyo.

13. Burtali ya fi alƙalami siranta
Ga dalili ɗaya da ya sa hanyar shanu ke ɓacewa a takarda. Burtali mai faɗin mita 30, idan aka rage shi a ma'aunin santimita 2 ga kilomita, bai kai kaurin milimita ɗaya ba. A babbar takarda mai gida ɗaya kuwa ya koma kamar silin gashi. Mai zane yana da alamar titin mota, da ta layin dogo, da ta barikin saukar baƙi, da ta kasuwa da makaranta da ɗakin shan magani. Burtali kuwa, in ya yi sa'a, sai a ɗige shi kamar kowace hanyar ƙafa, ba faɗi ba suna. Abin da ba a rubuta faɗinsa ba, kowace damina garma takan ɗan gutsure shi, kunya ɗaya daga dama, kunya ɗaya daga hagu, har wata rana garke ya iso ya tarar da masara a gabansa.

14. Abin da Baffa ya karanta
Na taɓa shimfiɗa kwafin irin wannan takarda a kan tabarma, gaban wani dattijon Bafulatani a wata ruga ta ƙasar Saulawa. Bai yi boko ba. Abin da ya fara cewa shi ne, "Ɗana, juya ta, gabas ta koma gabas." Na juya. Na ɗora masa yatsa a kan shuɗin layin rafi, na faɗi sunansa. Ya yi shiru yana bin layin da tsinken da yake sakace, ya tsaya a wata lanƙwasa ya ce nan ne mashaya, ƙasan yashi ne, saniya ba ta kafewa. Na ce, "Baffa, to ina burtalin?" Ya ja tsinken daga mashayar ya haura tudu, ya karkata inda ya ce akwai tsamiya biyu, ya miƙe arewa. Duk inda tsinken ya bi, takardar fara ce fat. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Mai takardar nan da rani ya zo. Da ya zo da damina, da ya same mu."

15. Shiga takarda yana da tsada
Akwai kuma dalilin da ya sa makiyayi bai yi ɗokin a rubuta inda yake ba. A da, jangali kan kowace saniya ake biyansa, da damina ake ƙirga, lokacin da garke ke zaune wuri ɗaya. Rugar da aka san mazauninta ita ake fara isa. Don haka da yawa suka gwammace su yi nesa da idon mai alƙalami. A 1979 gwamnatocin Balarabe Musa a Kaduna da Abubakar Rimi a Kano suka soke haraji da jangali. Amma ɓoyon da ya tsare dukiyar kaka, shi ya bar jika ba shi da shaidar takarda ranar da aka ce kowa ya kawo hujjar zamansa.

16. Ƙudan da ya zana iyaka
Kafin gwamnati ta shata wa shanu wurin kiwo, ƙudan tsando ya riga ta. Yana zaune a inuwar kurmin bakin rafi, ya sa wa mutum ciwon barci, ya sa wa saniya sammore. Cutar ta yi tsanani a ƙasar Anchau, maƙwabciyar Ikara, har a ƙarshen shekarun 1930 aka fara wani gagarumin aiki wanda masanin ƙwari T. A. M. Nash ya yi fice a cikinsa. Aka shata wani zirin ƙasa mai tsawon kimanin mil 70 da faɗin mil 10, aka sare sarƙaƙiyar bakin ƙoramu ta ɗaruruwan mil, aka haƙa rijiyoyin siminti, aka tashi ƙauyuka aka sake musu mazauni. Sabon garin da aka gina kusa da Anchau aka sa masa suna Takalafiya. Taswirar kafin aikin da ta bayansa kamar na ƙasashe biyu ne.

17. An gwada kiwon shinge tun 1914
Maganar killace shanu wuri ɗaya ba yau aka fara ta ba. A 1914 wani kamfanin Ingila mai suna African Ranches ya karɓi filaye a Allagarno ta ƙasar Barno da Rigachikun kusa da Kaduna, da niyyar yin kiwo irin na Amurka da Ostireliya. Bai kai labari ba, zuwa 1931 ya naɗe tabarmarsa. Gonar gwajin dabbobi ta Shika kuwa, wadda aka kafa kusa da Zariya a 1928, ta rayu har ta zama cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Duk mai shirin kafa shinge a filin kiwo ya kamata ya fara duba inda ruwa yake a watan Maris, domin shinge ba ya tafiya, ruwa da ciyawa kuwa suna tafiya.

18. Jirgin da ya bar sawunsa
Layin dogon da ya isa Kano a 1911, wanda ya bi ta Likoro da Gimi da Dangora, yana nan a kowace taswira. Amma akwai wani ƙaramin layi da ya tashi daga Zariya ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama ya hau tudun Jos domin kwaso kuza. Faɗinsa ƙafa biyu da rabi ne kacal. Ya isa Bukuru a 1914, aka rufe shi a 1957. Takardun kafin wannan shekara suna nuna shi da tashoshinsa, na baya kuwa sai dai sawu. Da irin wannan ake gane shekarun taswirar da bakinta ya yage: a duba me ke ciki, me kuma babu.

19. Ruwan da ya zo, ruwan da ya tafi
Arewa maso gabas da Ikara, a ƙasar Kano, gwamnatin Audu Bako ta kammala madatsar Tiga a 1974. Takardun da suka riga wannan shekara suna nuna kogi siriri da ƙauyuka da fadamun kiwo a wurin da yanzu masunta ke tuƙa kwalekwale. A can Tafkin Chadi kuwa akasin haka aka yi. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, amma bayan farin shekarun 1970 da 1980 ya janye ya bar mafi yawan gadonsa. Wurin da tsohuwar takarda ta shafa wa shuɗi, an yi shekaru ana noma da kiwo a kansa.

20. Iyakar da rijiya ta lanƙwasa
A 1898 Ingila da Faransa suka amince a dasa tsinin ma'auni a kan Sakkwato, a zana baka mai nisan mil 100, ta zama iyaka. A takarda abin ya yi kyau. A ƙasa kuwa sai Faransawa suka tarar hanyar da aka bar musu daga Kogin Kwara zuwa Damagaram babu rijiyoyin da za su shayar da ayari. Dole aka sake zama a 1904 da 1906, aka turo iyakar kudu. Tsakanin 1906 da 1908 tawagar Tilho da O'Shee ta bi ta kakkafa alamomi 148. Iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi a yau, ƙishirwa tana da hannu a fasalinta.

21. Inda aka ba burtali takarda
A 1961 Jamhuriyar Nijar ta yi doka ta ja layi a ƙasarta: kudu da shi noma, arewa da shi kiwo. A jihar Maraɗi an bi hanyoyin dabbobi da dama an kafa musu turakun siminti dama da hagu, kowa yana gani. A Sifaniya tun 1273 sarki ya ba ƙungiyar makiyayan tumaki izini da kariya, aka kuma yanka wa babban burtali faɗin kimanin mita 75. Dokar 1995 ta sake tabbatar da waɗannan hanyoyi, masu tsawon kusan kilomita 125,000, a matsayin dukiyar jama'a, har ana ratsa tsakiyar birnin Madrid da garken tumaki domin tunawa da wannan haƙƙi. Ƙungiyar ECOWAS ma ta amince da ƙa'idar ƙetare iyaka da dabbobi a 1998.

22. Filayen Amurka, da rubutun Rasha
Hukumar binciken ƙasa ta Amurka, wadda aka kafa a 1879, ta fara zana irin waɗannan taswirori a 1884. A takardunta na filayen kiwo irin na Nebraska, inda za ka yi tafiya mai nisa ba gari, sunayen gidajen kiwo da famfunan iska masu jawo ruwa su ne alamomin hanya. Can ma shanu sun taɓa yawo ba shinge, sai da waya mai ƙaya ta bazu bayan 1874 aka rufe fili. Yau hukumar ta ɗora tsofaffin takardunta fiye da 170,000 a intanet, kowa ya ɗauka kyauta. Sojojin Tarayyar Sobiyat su ma sun zana duniya a asirce, har da ƙasarmu, suka rubuta Zariya da Kano da haruffan Rashanci.

23. Dokar da ta tsaya a rabin hanya
A 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. Adadin wuraren kiwon da hukumomin tarayya suka daɗe suna ambata shi ne 415 a faɗin ƙasa, amma kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka kammala musu rajista a jaridar gwamnati. A Jihar Kaduna wanda ya fi shahara shi ne na Laduga a ƙasar Kachiya, mai faɗin sama da hekta 30,000. Makiyayar da ba a auna ba, ba a kafa mata turke ba, ba a buga ta ba, sunanta kawai ke gare ta. Ranar da mutane suka ƙaru, ƙasa ta yi tsada, suna kaɗai ba ya tsare fili.

24. Shaidu biyu da ke tsufa tare
Takardun nan ba su yi nisa ba. Akwai su a ofishin Babban Safiyo na Tarayya, da sashen nazarin ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna yana riƙe da rahotannin gundumomi na zamanin Turawa, wasu da zanen hannu na ƙauyuka da hanyoyi. Jihar Kaduna kuma tana da hukumar KADGIS mai aikin filaye da kwamfuta. Takarda ta san tsayin tudu da lanƙwasar rafi, amma ba ta san wace mashaya ce ta damina ba. Dattijo ya san mashaya da tsamiya da wanda ya ba wa wane aron gona, amma ba zai iya miƙa wa alƙali abin da ke kansa a ninke ba. Gara tana cin takarda, dattawa suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Abin da nake fata ga Saulawa da Paki da Auchan, da Gimi da Likoro, shi ne a samo kwafin takardar kowane yanki, a shimfiɗa ta a ƙofar gidan dagaci, a kira arɗo da sarkin noma da masu unguwanni da limami, a juya gabas ta koma gabas. Inda bakinsu ya zo ɗaya, a bi sawun tsinken da alƙalami, a auna faɗin, a kafa turke tun kafin ruwan shuka ya sauka.